Sunanta Na Gaskiya

Pa Lemidan, 4 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Rinai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne Gerawat, ɗan marigayi Balang, kakanki da kakana wa da ƙane ne. Ranar da kika bar tudu zuwa makarantar birni ina goye a bayan Tepu, kakata, an ce har kumatu kika ja mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Mun yi girbi lafiya, shinkafa ta yi kyau. Matata Lipang tana da ciki, ungozoma ta ce sai watan Yuni. Damuwarmu ɗaya ce, idanun Tepu. Matar da take zaɓen irin shinkafa ƙwaya-ƙwaya, shekaranjiya na same ta tana gaida turken dogon gidan da ƙauyenmu duka ke zaune a ciki, tana tambayarsa ya yara. Likitan da ke zagayo mu ya duba ta, ya ce yanar ido ce, ana cirewa a asibitin Miri, amma in ta wuce bana sai dai haƙuri. Ya rubuta mata rana, 18 ga Afrilu. Takardar tana wurina, ranar kawai na iya karantawa, sauran kamar kaza ta yi tono.

Tepu ta ce ba ta damu da ganin dutse ba, shekara saba'in tana kallonsa bai canza ba. Fuskar abin da ke cikin Lipang take so ta gani.

Ga abin da ya sa na nemo ki. Ni ne mai yankan ciyawar filin jirgi, ni ke korar ɓauna duk Talata da Jumma'a kafin ya sauka. Da can Tamah Urud ke rubuta masu tafiya a littafinsa, ka gaya masa a gona ma ya isa. Ya tsufa ya ajiye, aka kawo mana wani akawu daga bakin teku, muna ce masa Mai Sikeli. Ya ce yanzu takardar sunaye daga ofishin Miri take zuwa. Wato jirgin da nake share wa hanya, sai na nemi izini a bakin teku kafin in zauna a cikinsa. Don Allah ki kama mana kujera biyu ranar Talata 16 ga Afrilu.

Ga gishirin tudu gora biyu da shinkafa kaɗan, na ba matuƙin jirgi tare da wasiƙar.

Ƙanenki,
Gerawat

*

Miri, 11 ga Maris

Ƙanena Gerawat,

Na ga wasiƙarka da saƙo, na gode. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke tari. Na tuna ka sarai, kai ne mai kukan nan da ba ya ƙarewa.

Na je ofishin jirgi da hutun rana, layi har bakin titi. Akwai kujeru biyu ranar 16, sun yarda su riƙe mini mako biyu. Naka sunan na sani, Gerawat Balang. Ka aiko mini da sunan Tepu na gaskiya, cikakke, kada ka kuskure ko harafi ɗaya, mutanen nan ba sa wasa da suna. Ka haɗo da nauyinta da na kayanta, ka san filinku gajere ne, ƙirga kilo suke yi ba kawuna ba.

Ka yi sauri. Ka gaishe mini da ita da matarka.

Yayarka,
Rinai

*

Pa Lemidan, 18 ga Maris

Yaya Rinai,

Muna lafiya, Allah ya ba ƙaramin sauƙi. Ki dafa masa citta.

Na ji daɗi da kika ce na gaskiya, ashe birni bai cinye ki duka ba. Sunanta na gaskiya shi ne PUN RIBUH ULUN. Shi ta ɗauka a bikin sauya suna da aka yi bayan haihuwata, ranar da ta zama kaka. Ɓauna uku aka yanka, dogayen gidaje bakwai suka zo suka ji da kunnensu. Na kai wa fasto ya duba mini harufan, ya ce daidai ne.

Na ɗora ta a sikelin filin jirgi, kilo arba'in da ɗaya. Kwandonta kilo shida, ta ce ba za ta je gidan mutane hannu rabbana ba. Ta fara koyon zama a kujera ba tare da ta naɗe ƙafa ba.

Gerawat

*

Miri, 16 ga Afrilu

Gerawat,

Ina fatan lafiya ce, don in lafiya ce to ba ka kyauta ba.

Na roƙi hutu a wurin aiki, na bar yaro da tari a hannun maƙwabciya, na tsaya a filin jirgi tun safe. Jirginku ya sauka. Na ƙirga masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, mutum bakwai, babu kai babu Tepu. Na tambayi matuƙi, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi tuƙi ya sani. Na gyara mata ɗaki, na sayo katifa mai laushi, har tuwon shinkafa na naɗe a ganye don kada abincin birni ya dame ta.

Na san halinku a tudu. Wani ya ce ɓaunarsa ta ɓace, kowa ya bar abin da yake yi. Kuna ganin jirgi kamar kwalekwalen ƙauye ne, a ce jira ni in ɗauko hulata. Ka san wahalar da ake sha kafin a sami ranar likitan ido? Jibi za a kira ta a asibiti, babu kowa. Kai ka ce mini in ta wuce bana shi ke nan. In ta makance, ka san a wuyan wa yake.

Rinai

*

Pa Lemidan, 17 ga Afrilu

Yaya Rinai,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya, zuciya ce babu lafiya. Na san kin jira mu jiya. Bari in ba ki labari yadda ya faru, ba ƙari.

Mun bar gida da sassafe. Na shimfiɗa wa Tepu tabarma a kan katakon da ɓauna ke ja, tafiyar awa biyu cikin taɓo, ta sa hular duwatsunta ta zuwa coci. Rabin dogon gida suka raka mu. Sama garau, ba gajimare ko ɗaya a bakin dutse. Na ce yau Allah ya yi.

Mai Sikeli ya auna ni, ya auna ta, ya auna kwando. Sai ya ce, “Kati.” Na ba shi nawa. Tepu ta kwance ƙullin da ke ɗaure a ƙugunta, ta zaro nata. Yaya, ni ban taɓa riƙe katin nan ba tunda aka haife ni, ko likita ma daga hannunta ya karɓa ya mayar mata. Mai Sikeli ya dubi kati, ya dubi takarda, ya sake duban kati.

Ya ce, “Wannan ba ita ba ce.”

Na ce, “Yallaɓai, ga hotonta nan, har dogon kunnen nan nata.”

Ya ce, “Takarda ta ce Pun Ribuh Ulun. Kati ya ce Supang Tagung. Mutum biyu ke nan.”

Na ce, “Yallaɓai, da hannunka ka auna ta, kilo arba'in da ɗaya. Ina mutum biyu za su ɓuya a cikin kilo arba'in da ɗaya?”

Jama'a suka yi dariya, shi bai yi ba. Ina ganin dariyar ce ma ta ƙara ɓata lamarin. Tamah Urud ya taso da sandarsa ya ce shi ya raba naman ɓauna ranar bikin. Fasto ya ce zai sa hannu a kowace takarda. Mai Sikeli ya ce ko dutsen can ne ya sauko ya yi shaida, shi abin da aka rubuta yake bi, in ya saka ta aka kama a Miri, aikinsa ne zai tafi ba na fasto ba. Na ce to ya kira Miri ta rediyo, ya ce rediyo na labarin sama ne da na kamfani, ba na tsofaffi ba.

Tepu ba ta jin yaren bakin teku, amma ta tsinci kalma ɗaya. Ta juya kai ta ce, “Wa ke kiran Supang? Yarinyar wa ce ta ɓace?”

Daga baya Tamah Urud ya tuna yadda aka yi. Shekarun baya da masu yin kati suka hau tudu, sun tambayi kakana wane suna ubanta ya raɗa mata, ya faɗa, suka rubuta, suka wuce. Ita ba ta karatu. Shekara talatin tana ɗaure da sunan ƙuruciyarta a ƙugu ba ta sani ba.

Kin san me aka ɗora a kujerunmu? Zarto mai inji guda biyu da katan-katan na kifin gwangwani da masu awon daji na kamfanin katako za su mayar. Na tsaya ina kallo aka ɗaure wa zarto bel. Ban ji an tambaye shi katinsa ba. Sai ga ɓaunar wani ta shigo fili, Mai Sikeli ya daka mini tsawa in kore ta. Na kore ta, Yaya. Da hannuna na share wa jirgin hanya ya tashi ya bar kakata a tsaye riƙe da kwando.

A hanyar komawa, da muka kai rafi ta ce in raba wa yara abarbar da ta ɗauko miki kafin ta lalace.

Gerawat

Ƙari, 29 ga Afrilu. Wasiƙar nan tana aljihuna kwana goma sha biyu. Tun ranar gajimare ya zauna a bakin dutse. Sau uku muna jin kukan jirgi a sama, ya zaga ya zaga ya koma. Sun ce gobe ƙila.

*

Miri, 2 ga Mayu

Ƙanena,

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya, na san tawa ma ta same ka a jirgin. Abin da na faɗa a cikinta na ɓacin rai ne, ka zubar. Amma kai ma, Gerawat! Da na ce sunan gaskiya, sunan kati nake nufi, me kuma zan nufa? Tsofaffi da yawa sunan bikinsu ne a katinsu, shi ya sa ban yi shakka ba. Da ka buɗe ƙullin nan ka duba, da yanzu tana gani.

Na je asibiti sau uku. A littafinsu ma Supang Tagung ce. Na roƙi babbar nas har na yi hawaye a gaban mutane, aka ba mu Alhamis 23 ga Mayu. Ka ji da kyau, likitan idon zai bar Miri a ƙarshen wata, ba a san ranar zuwan wani ba. Wannan ce ta ƙarshe.

Kujera ɗaya tak na samu, Talata 21 ga wata, da sunan Supang Tagung. Sauran duk na ma'aikata ne da kamfani, an kama tun bara. Ita kaɗai za ta zo, zan tsaya a ƙofar jirgi. Aikinka ɗaya ne, ka koya mata ta amsa in an kira Supang, a filinku da asibiti. Kwana kaɗan ne. Suna dai suna ne, ido ya fi shi.

Yayarka,
Rinai

*

Pa Lemidan, 9 ga Mayu

Yaya Rinai,

Muna gaisuwa, mun gode da wahalar da kika sha. Wasiƙunki biyu suna gabana. Ta farkon na zubar kamar yadda kika ce, sai dai maganar kwalekwale ta ƙi zubuwa. Mu da muke kwana goma muna kallon sama da kaya a ɗaure, mu za a koya wa jiran jirgi?

Ta biyun ce ta fi yi mini ciwo. Suna dai suna ne? Abin da wani baƙo ya rubuta a tsaye cikin minti biyar shi ne gaskiya, wanda gidaje bakwai suka shaida kuma ƙarya? Ba mamaki, ke da kika haifi biyu har yau ana kiranki Rinai kamar budurwa, ba ki zo an sauya miki ba. Ki yafe mini, ƙane ba ya faɗa wa yaya haka, amma na riga na rubuta kuma takarda tsada gare ta.

Duk da haka na yi abin da kika ce. Na zauna da Tepu a bakin murhu na lallaɓa ta. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, “Supang yarinya ce mai tsinkar ganye a bakin rafi, ba ta haifi kowa ba. Da na haifi ubanka na zama Sinah Balang, uwar Balang. Da aka haife ka na zama abin da nake. In na miƙe a gaban jama'a na ce ni ce Supang, to wa ya haifi Balang? Ƙasa ta karɓe shi sau ɗaya, ba zan ba takarda shi karo na biyu ba.” Na ce ido fa, Tepu? Ta ce makauniya mai jika ta fi mai ido marar kowa.

Na koma wurin Mai Sikeli na ce tunda takarda da kati sun zama ɗaya, ya bar ta ta wuce shiru. Ya ce a'a. Bayan abin da ya faru, sai ya kira sunan ta amsa da bakinta a gaban matuƙi, don kada gobe a ce ya ɗauki wata. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, amma ga wanda aka bari a ƙasa duk ɗaya ne.

Sai na ce bari in gwada hanyar ƙasa, tunda mota ba ta kiran suna. Na yi tafiyar yini da rabi zuwa sansanin masu katako. Yaya, ki ga hanya! Faɗinta ya fi filin jirginmu, ja wur, ta yanka duwatsu kamar an tsaga gora. Manyan motoci suna wucewa da gumagumai, kowanne ya fi ɗakinmu tsawo. Shugaban sansanin ya ce hanyar ta kamfani ce, ba ta fasinja ba, in direba ya ga dama ya ɗora mutum a bayan mota wannan ruwansa. Awa goma sha shida in ƙasa ba ta zaftare ba, kuma gada ɗaya ruwa ya tafi da ita, sai an haye da ƙafa. Wani direba ya tambaye ni shekarunta, na faɗa, ya ce, “Ɗan'uwa, kashinta za ka kai Miri a buhu.”

Itacen da aka sare a bayan gonarmu zai riga kakata zuwa birni. Shi an yi masa hanya.

Saura kwana goma sha biyu. Kada ki saki kujerar. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma ban iya komai ba a duniya sai jira da kallo. Ki je filin jirgi ranar.

Gerawat

*

Pa Lemidan, 22 ga Mayu

Yaya Rinai,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Kafin wannan ta same ki kin riga kin ga Tepu da idonki. Na san kina mamakin yadda aka yi, kuma na san ita ba za ta gaya miki daidai ba.

Kwana takwas ban sake ta da maganar ba, kallo kawai nake. Na lura kullum da hantsi sai ta kira Lipang ta ɗora hannu a cikinta, ta ce, “Mace ce. Ji harbi, ni ma haka na yi wa uwata.” Ranar Asabar muna shanya shinkafa na ce, “Tepu, sunan nan da kika ajiye tun da aka haifi babana, wani ya ɗauka?”

Ta ce, “Wa zai ɗauka? Duk maza kuka yi ta zubowa.”

Na ce, “Ni da Lipang mun yi shawara. In mace ce, Supang za mu sa mata.”

Kaza ta shiga cikin shinkafa, ba ta kore ta ba. Kin san sunan da babba ya ajiye ba ya mutuwa, jiran jini yake ya ɗauka. Sai na ce, “Matsala ɗaya ce. Mutanen Miri sun yi gaggawa, sun riga sun rubuta wa Supang kujera a jirgin Talata, ita kuma ba ta iso ba. In aka kira ba wanda ya amsa mata, zarto za a ba.”

Ta ce, “A ba zarto kujerar tattaɓa-kunnena? Ina raye?” Ta lalubo sandarta ta ɗan buge ni a ƙwauri. “Kai ɗan Balang, kana tsammani ban gane wayonka ba? Na gane. Amma riƙo ba mallaka ba ne. Zan riƙe mata har ta zo.”

Jiya gajimare ya rufe bakin dutse har ƙarfe goma. Can ya yage kaɗan, jirgi ya faɗo ta ramin kamar shaho. Mai Sikeli ya tsaya kusa da matuƙi da takardarsa, ya gyara murya, ya ce, “Supang Tagung!”

Tsofaffi suka sunkuyar da kai. Tepu ta miƙe da hular duwatsunta, ta ɗaga murya da yarenmu yadda kowa zai ji, “Supang tana tafe! Ni Pun Ribuh Ulun, uwar Balang, kakar Gerawat, ni ce mai riƙe mata!”

Mai Sikeli ya juyo gare ni ya ce, “Me ta ce?”

Na ce, “Yallaɓai, ta ce Supang tana tafe.”

Ya ga kuwa tana tafe, da sanda. Ya ce, “To ai shi ke nan, da tun farko haka aka yi.” Ya sa alama a takarda. Ban yi ƙarya ba, Yaya, fasto yana wurin, tari kawai ya kama shi. Ni na ɗaure mata bel a kujerar da zarto ya zauna.

Ki riƙe ta da kyau. Ba ta shan ruwan sanyi.

Ƙanenki,
Gerawat

*

Miri, 27 ga Mayu

Ƙanena Gerawat,

Albishirinka. An yi aiki, an kwance bandeji ranar Asabar, idon dama ya buɗe tar, na hagu ma yana ganin haske. A asibiti duk sanda nas ta kira Supang sai ta yi mata wannan dogon jawabin, nas ta ɗauka addu'a ce, har amin take cewa.

Ka san abin da ta fara faɗa da ta gan ni? “Ashe kin yi furfura, kuma har yanzu Rinai?” Ta sa na yi alkawari zan kawo yara tudu a Kirsimeti a yi mana bikin. Ka ci nasara, kada ka yi mini dariya.

Yanzu fushina da ofishin jirgi ne. Na kama mata kujerar 4 ga Yuni, jiya suka ce an ba wasu manya masu zuwa duba hanya. Na yi musu tas a gaban layi. Sun ba ta Jumma'a 14 ga wata, bayan wannan babu sai Agusta.

Ta ƙosa ta dawo. Tana zaune a taga tana ƙirga motocin katako, tana cewa wancan itacen ta san shi. Kullum sai ta ce mini ranar da mai suna ta iso ta sauke kaya, ko sarkin duniya ne ya kira Supang ba za ta ƙara amsawa ba, cin amana ne. Yaya jikin Lipang?

Yayarka,
Rinai

*

Pa Lemidan, 10 ga Yuni

Yaya Rinai,

Ki karanta wannan ke kaɗai, a bayan gida in ya yiwu.

Lipang ta sauka ranar Asabar da rana, lafiya lau, ita da abin da ta haifa. Mace ce. Ta riga lokacinta da mako biyu, ba ta jira takarda daga Miri ba. Kunnuwanta na Tepu ne sak.

Kin ga inda matsalar take. Suna ya sami mai shi. In Tepu ta ji kafin Jumma'a, za a kira Supang a filin jirginku ta naɗe hannu ta yi shiru, kuma na san ta, ko za ta kwana a kan benci har Agusta ba za ta amsa ba. Akawun can ba ni da ikon fassara masa komai. Idon da aka sha wannan wahala a kansa zai ƙare a kallon motocin katako.

Mutum uku daga nan za su sauka a jirgin gobe, har da matar Tamah Urud, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Ki tare su a ƙofa. Ki ce likita ya hana baƙi, ki ce komai. Na roƙe su, sun yi alkawari, amma na ga yadda bakinsu ke motsi.

Duba abin da aka mayar da mu, Yaya. An yi haihuwa a gidanmu, farkon jinin Balang mace, maimakon a buga ƙararrawa har Miri, muna ɓoye ta kamar kayan sata saboda layi ɗaya a takarda. Wannan ba zan yafe ba, ko da yake ban san wa zan riƙe ba.

Ki ɓoye wasiƙar. Ba ta karatu, amma yanzu tana gani, fuskarki za ta karanta. Ki ɗaure fuska kwana uku, ki tuna da ofishin jirgi in murmushi ya zo miki.

Ranar Jumma'a zan yanke ciyawa tun safe, in kori ɓauna, in tsaya a ƙofar jirgi da yarinyar a hannu. In Mai Sikeli ya nemi Supang, sai in nuna masa ita, ya auna in yana so, ba ta kai kilo uku ba.

Ƙanenki da kika sani da Gerawat, kati ma haka ya sani,
Tamah Supang, uban Supang